Surukina a Teburin Masu Tambaya

Kowa a Geceme ya san ni da baki. Ni ce nake shiga gida-gida ina fito da mata zuwa awon yara, ni ce nake tsayawa bakin rijiya ina yi wa maza tas idan sun bar dabbobi sun ɓata wurin. Shekara da shekaru ina wannan aikin sa kai, ba ko sisi. Da furojen kiwon lafiya da muke yi wa aiki ya ce yana neman wanda zai shugabanci 'yan sa kai na yankinmu duka, ban yi shawara da kowa ba sai mijina. Na hau babur zuwa Dogon Dutsi, ina ta jera amsoshi a kaina da Faransanci.

Aka kira ni, na yi sallama na shiga. Mutum uku ne a bayan teburi: wata madam daga Yamai, da shugaban furojen, sai na ukun, wanda aka ɗauko a matsayin dattijon yanki. Uban mijina ne. Ba wanda ya gaya masa zan zo, ni ma ba wanda ya gaya mini zan same shi can.

Tunda aka kawo ni gidansu ban taɓa kallon tsabar idonsa ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama bisa kujera yana zaune ba. Kafin in yi tunani, har na tuɓe takalmi na durƙusa. Madam ta yi dariya, ta nuna mini kujera. Na ɗosana a bakinta kamar mai jiran allura.

Ta ce in faɗi abin da ya sa na fi sauran cancanta. To, a gaban wa zan yabi kaina? Na ce da ƙasa-ƙasan murya, "Muna dai ƙoƙari." Ta tambayi yadda nake yi wa mata bayanin tazarar haihuwa. Kullum nake wannan bayanin, har da zolaya, mata na dariya suna bugun cinya. Ranar nan kuwa kaina na ƙasa, ina murza bakin mayafi.

Madam ta juya wurinsa. "Baba, kun san aikinta?"

Ya san shi sarai, a ƙofar gidansa mata ke taruwa suna jirana. Amma dattijo ba ya yabon matar ɗansa a bainar jama'a. Ya gyara hula ya ce, "Yarinya ta, ba ta da hayaniya."

Na ga madam ta ɗan taɓe baki. Aikin kuwa na mai hayaniya ne. Aka ba wani saurayi da bai taɓa kwana a ƙauye ba, wanda har yau idan mata sun ƙi fitowa ni yake bugo wa waya.

Na yi kuka a hanya, na ji haushin madam, na ji haushin tsohon, na fi jin haushin kaina. Da na isa gida na tarar tsohon ya riga ni, yana zaune a zaure da ɗansa. Na durƙusa daga nesa zan wuce, sai na ji yana ce masa cikin jin daɗi, "Matarka ta fidda mu kunya yau. Gaban baƙi anka yi ta tambayatta, ko kai ba ta ɗaga ba."

Na ce, "Na gode, Baba."