Tukubar Tsire a Gindin Katangata

Bazara ce, shekarar da zafin Dutse ya gallabe ni, na so sayar da gidana in koma Ringim kusa da 'yata. Tun shekara guda kafin nan ɗan yayata ya roƙi gindin katangata ya kafa tukubar tsire, na ba shi kyauta. Bango ya yi baƙi, hayaƙi har uwar ɗaki. Duk wanda dillali ya kawo, sai ya toshe hanci ya karya kuɗin. Ƙarshe mutum ɗaya ya rage, tayinsa ko kunya babu. Na matsa wa dillali ya faɗa mini ko wane ne, ashe ɗan yayar nan tawa ne. Da yamma ya leƙo da tsire, "Inna, a taɓa." Ban taɓa ba. Da safe na fita da kaina, na ce masa a hankali ya kwashe tukubarsa.