Katin Maganin Yaya a Ƙarƙashin Kujerar Keke

Na sha wahala a garin Enugu, ba kaɗan ba. Ruwa ya doke ni, rana ta gasa ni, ƴan sanda sun sa ni tsallen kwaɗo a bakin titi ina da furfura. Duk waɗannan sun wuce, wasu ma sai an tuna mini. Abin da ba zai taɓa fita daga raina ba har a sa ni a rami shi ne abin da na yi wa hannun yayana.

Shi ya kawo ni unguwar Abakpa Nike. Mai shayi ne, teburinsa na kusa da tasha, ni kuma ina tuƙa keke napep. In ka ga Yaya yana fifita shayi sai ka tsaya kallo. Zai ɗaga kofi ɗaya sama da kansa, ya tsiyayo cikin ɗayan da ke wajen cibiyarsa, ko ɗigo ba ya zuba ƙasa. Direbobi Inyamurai kan ce, “Aboki, do am again.” Ya yi dariya ya sake. Da hannun nan ya ciyar da ƴaƴa biyar, da shi ya saya mini keken da nake ci da shi.

Abin ya fara da wani tabo fari-fari a damtsensa, sai wani a baya. Muka ce ƙyasbi ne. Na je kemis, yaron shagon ya haɗa mini mayukan shafawa kala uku a roba ɗaya, ya ce, “Oga, one week e go clear.” Sati ɗaya ya zama shekara. Tabon ya kan dushe ya dawo, ya dawo da ƴan'uwansa. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, shi ya sa ba mu ɗauke shi a bakin komai ba.

Wata safiya ina zaune a benci ina cin burodi, tafasasshen ruwa ya kwararo daga buta a kan yatsun Yaya. Shi kuwa yana ta ba da labarin ƙwallo. Wata mata da ta zo sayen ƙwai ce ta yi ihu.

“Baba, hannunka! Ba ka ji ba?”

Ya duba, fatar har ta tashi. Ya ce, “Ikon Allah. Wallahi ban ji ba.”

Matar ma'aikaciyar asibiti ce, ƴar kudancin Kaduna, Hausarta ta fi tawa. Sista muke kiranta. Ta ja hannun rigarsa sama ta ga tabon, sannan ta ce mu same ta wurin aiki gobe.

A can ta sa Yaya ya rufe ido, ta ɗauki auduga tana taɓa jikinsa. In ta taɓa fata mai lafiya ya ce nan. In ta taɓa tabon, shiru. Ina tsaye ina kallo tana shafa shi, shi kuma yana jira ta fara. Likita ya zo ya duba, aka yi gwaji, aka faɗa mana sunan da ba mu so ji ba. Kuturta.

Sista ta zaunar da mu ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce ana warkewa sarai. Magani kyauta ne, kati ɗaya duk wata, har wata goma sha biyu. Ta ce da zarar ya fara sha ba zai sa wa kowa ba. Ta ce fitsarinsa zai yi ja, fatarsa za ta yi duhu, kada mu tsorata, launin zai dawo daga baya. Ta ce ko me ya faru kada a tsaya, in kuma ya ji zafi a gwiwar hannu ko yatsu sun yi nauyi, mu dawo a ranar. Duk ta faɗa. Ba zan yi mata ƙarya ba. Ni ne kunnena ya toshe tun daga kalmar farko.

Muka ɓoye. A cikinmu Hausawan unguwar, in aka ji wannan suna a gidanku, har jikokinku sai an nuna da baki. Wata uku ana sha lafiya, sai fatar ta fara juyawa. Yaya mutum ne mai haske, ya koma kamar gindin tukunya, tabon ma ya fi ko'ina baƙi.

Muna da al'ada, bayan Azahar mu shida muke cin abinci a tire ɗaya a rumfar wani dattijo mai goro. Shekara da shekaru haka muke. Ban san wanda ya ga katin maganin ya kai labari ba. Ran nan muka zo muka wanke hannu, sai dattijon ya tura wa Yaya wani ɗan kwano gefe.

“Malam, ga naka nan an zuba maka daban. Ka fi sakewa.”

Ba wanda ya ɗaga kai. Yaya ya ce, “Madalla, Alhaji, na gode.” Ya ja kwanon ya koma bakin rumfa. Ni kuma na sa hannu a tire na ci tare da su. Wannan lomar har yau tana nan a maƙogwarona.

Masu shan shayi suka ragu. Ni ma a tasha na fara jin ana cewa ƙanin wane ne, a yi ƙasa da murya. A ƙarshen wata na huɗu na karɓo sabon kati, na shiga ɗakinsa na ce, “Yaya, maganin nan ne yake tona mana asiri. Kafin ka fara sha wa ya san kana da wani abu? Dubi yadda ya ƙona ka.”

Ya ce, “Sista ta ce kada a tsaya.”

Na ce, “Sista ce za ta zauna a unguwar nan ko mu? Akwai mai maganin gargajiya da ya zo daga gida, yana da na wankin jini. Ciwon fata daga ciki yake, a wanke cikin a huta.”

Ya daɗe yana kallon hannunsa. Ya ce, “To, kai kake yawo cikin gari, ka fi ni sani.”

Ban fi shi sanin komai ba. Aji uku na yi a firamare. Na ɗaga kujerar kekena na jefa katin a ƙarƙashi, wurin sifana da tsumma. Na ce wa kaina mutuncinsa nake karewa. Yau da na tsufa na san nawa nake karewa.

Muka yi ta jiƙe-jiƙe. Sista ta zo tebur sau biyu tana nemansa, na ce ya tafi gida ganin iyali, alhali yana ɗaki. Bayan wasu watanni duhun ya fara sauka, na riƙa cewa ka gani? Ya ce mini gwiwar hannunsa na yi masa zafi kamar ana soka allura. Na ce sanyin damina ne, na saya masa man zafi.

Ranar da abin ya fito fili, da safe ne, mutum uku a benci. Yaya ya ɗaga kofi sama zai fifita shayi kamar kullum. Kofin ya suɓuce ya faɗi, shayi ya wanke tebur. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsun suka ƙi kamawa. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe ciki. Ya gwada sau uku. Sannan ya dube ni ya ce, “Ƙanena, hannun ya ƙi.”

A ranar na kai shi asibiti. Sista ta riƙe hannun tana juyawa, ta sa shi ya matse takarda tsakanin yatsu, ta zare ba wahala. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, “Launin fata yana dawowa, Baba, na gaya muku. Jijiya in ta daɗe a mace ba ta dawowa.” Sai ta tambaya, “Wa ya ce ka daina?”

Na buɗe baki. Yaya ya riga ni.

“Ni ne na gaji, ƴata. Ba wanda ya sa ni.”

Aka sake masa magani daga farko, aka ƙara da wani na kumburin jijiya, aka koya masa jiƙa hannu a ruwa da shafa mai da duba ciwo kullum. Ya sha wata goma sha biyu cif, ya yi baƙi, ya washe, cutar ta tafi. Yatsun ba su miƙe ba. Bai sake fifita shayi ba. Yana gida yanzu yana tsaron ɗan shago, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Abin da na koya ba shi da yawa. In an ba mutum magani an ce ya kai ƙarshe, ya kai, ko zai mayar da shi kalar gawayi. In kuma akwai abin da bai gane ba, ya koma wurin wanda ya ba shi, kada ya tambayi irina. Maganar mutane tana ƙarewa, mutanen da na ji wa tsoro rabinsu ma sun bar garin. Yatsun Yaya suna nan yadda na bar su.

Da muka dawo daga asibiti a ranar, na ɗaga kujerar keke. Katin na nan, mai ya ɓata shi, ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalle ba.

Washegari ban fita da keke ba. Na buɗe teburin Yaya, na hura wuta, na dafa shayin da ba shi da daɗi, na ɓalle masa ƙwayar ranar daga sabon kati na miƙa masa da ruwa a gaban duk wanda ke benci. Da aka kawo ƙosai na juye a kwano ɗaya, na ajiye tsakaninmu, na ce, “Yaya, bismilla.” Ya sa hannu, na sa nawa.