Hannuwan Malam Sambo

Ina tsugune a tsakar gida a Ƙofar Kware, hannuwana cikin ruwan bagaruwa ina matsa fatar akuya, wayata ta yi ƙara. Liman Haliru ne, wan Malam Sambo. Bai ko yi sallama ba. Ya ce, "Bello, abokinka ya cika. Taho ka kama muna wanka." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar fatar a kwano na nufi Ƙofar Dundaye, ban tsaya wanke hannu ba.

Makarantar sakandare ɗaya muka koyar da marigayi har ya yi ritaya. Ɗan gidan malamai ne, ba gadon dukanci ya yi ba, sha'awa ce ta kai shi, ni kuma ya jawo ni. Bai taɓa sayar da abin da ya ɗinka ba. Duk ɗalibin unguwa da ya sauke Alƙur'ani sai ya yi masa gafaka, jakar sa Alƙur'ani, ja da rinin karan dafi, ya zagaye bakinta da siririn zane baƙi. In na yi garaje da basilla na yage fata, sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Akuyar ga ta mutu sau guda, kak ka ƙara kashe ta." In aka yabi aikinsa kuma cewa yake, "Majemi ku ka yaba ma, ni ado ɗai niy yi."

Ba a so mai wankan gawa ya faɗi abin da ya gani, na sani. Da maganar ta tsaya a ɗakin da ban buɗe baki ba har in bi shi. Amma ta fita, har na ji ta a bakin wanda bai ko je jana'iza ba, saboda haka zan faɗi gaskiyarta.

Mu uku ne a ɗakin: ni, Liman da wani maƙwabci. Liman ya zuba ruwa a hannun dama don yi masa alwala. Muna kallo fatar hannun ta fara sauya launi. Daga farata abin ya taso, toka-toka, ya bi yatsu, ya cika tafi, ya hau har wuyan hannu ya tsaya. Na hagu ma haka. Kafin mu ankara hannuwan duka sun yi baƙi ƙirin, sauran jiki kuwa fes. Maƙwabcin ya ja da baya yana salati, ya fice. Liman, dattijon da ya wanke gawa ba adadi, ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Sambo, mi hannuwan ga naka sunka aikata?" Wallahi ni ma na tsorata.

Na ɗaga hannu zan share zufa, sai na ga nawa yatsun da ruwan ya taɓa su ma sun yi baƙi.

A nan na dubi bokitin ruwan wankan. Tsohon bokitin ƙarfen da marigayi yake jiƙa kuloko ne, wato baƙin rinin dukawa da ake haɗawa da tsatsar ƙarfe. Cikin ruɗewa aka ɗauko shi aka zuba ruwan ɗumi. Shi ya koya mini cewa kuloko ruwa ne kawai a ido, ba ya baƙi sai ya gamu da bagaruwa. Ashe da safen ranar ya jiƙa fata a ruwan bagaruwa kamar yadda na jiƙa, ajali ya same shi bai wanke hannu ba.

Na nuna wa Liman tafukana, na yi masa bayani, na ce a kawo lemun tsami yana fitar da shi. Ya daɗe yana duban hannun ƙanensa. Sannan ya share hawaye ya ce a sauya ruwa da bokiti. "Bar mai abinai. Awa lalle na, ba ya hana ruwa taɓa jiki. Da shi yay yi ma Littafin Allah riga." Haka muka sa shi a likkafani.

Ni ma ban nemi lemun tsami ba. Wanda ya ji an ce hannun Malam Sambo ya yi baƙi a wurin wanka, ya zo wurin zaman makoki ya ga nawa kafin ya faɗa wa wani. 'Ya'yansa suna jin abin da ake raɗawa, kuma yana yi musu ciwo fiye da yadda kuke zato.

Ya Allah, ga hannuwan nan na ɗaga gare Ka. Ka jiƙan bawanKa Sambo, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka ba shi littafinsa a hannun dama. Ka ba Liman da iyalin da ya bari haƙuri, Ka tsare su daga bakin mutane. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.