Dutsen Taimamar Baba

A shekarun da nake gadi a unguwar West Bay, can ƙasar Larabawa, benayen nan da ake ɗaukar hoto a gabansu yanzu duk ƙarafa ne tsirara. Aikina tsayuwa a ƙofa ina duba katin leburori, gumi na bin bayana har cikin takalmi. Juma'a kaɗai ce tawa.

Akwai wani dattijo ɗan zangon Kumasi, direban kamfaninmu, da muke kira Kawu. Da an sallame Asuba ranar Juma'a zai tsaya a kaina: "Yalla, ɗan Katsina, tashi. Barci ka zo yi a ƙasar mutane?" Sai mu ɗauki hanyar arewa, mu wuce gonakin Umm Salal, mu gangara bakin teku inda babu kowa sai tsuntsaye. Ni shan iska ke kai ni, shi kuwa sunkuyawa yake yana tsintar duwatsu kamar mai roron gyaɗa. Tsiya nake masa, in ce kowa ya zo neman arziki, shi ya zo neman tsakuwa.

Wata rana ya miƙo min wani dutse ruwan toka, daidai tafin hannu, ba shi da wani abin kallo. Ya ce in tsoma shi a ruwa. Ina tsomawa sai ga zane ya fito, ƙananan ɗakuna a jere kamar saƙar zuma, kowanne da ɗigo a tsakiya. Na saki baki. Kafin mu kai mota iska ta busar da shi, zanen ya ɓace. Kawu ya ce wani Bature da ya taɓa tuƙawa ne ya gaya masa wata halittar ruwa ce ta zamanin da, ta mutu ta daskare ta zama dutse. Ya koya min bambancewa: marar nauyi mai ramuka sabo ne, sai dai goge kaushi, mai nauyi, wanda sai an jiƙa yake nuna kansa, shi ne na gaske.

A lokacin mahaifina yana kwance a gida, ɓarin jikinsa ya shanye, alwala ta gagare shi. Inna ta ce min a waya taimamar ma wahala take masa, don an shafe ɗakin da siminti da fenti, ƙasar da ake ɗebo masa a faranti kuma tana zubewa a shimfiɗa. Nan take dutsen nan ya faɗo min a rai. Baba bai taɓa ganin teku ba. Na ƙudura ni da hannuna zan kai masa, in zuba ruwa a kai, in kalli fuskarsa.

Sai dai fasfona na hannun kafil, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ba na fita ƙasar sai da yardarsa. Kullum na nemi hutu sai ya ce gobe in sha Allahu. Na sha fitowa daga ofishinsa ina huci, ina faɗan da babu mai ji sai Kawu. Da na ga goben ba ta da ranar zuwa, sai na ba wani mai komawa gida dutsen ya kai.

Da na buga waya, muryar Baba a karye take, amma tsokanarsa na nan. "Kai, wannan abu dutse ne ko ƙashin kifi? Sai da na sa aka tambayo liman."

"Me ya ce, Baba?"

"Ya ce tunda ya zama dutse, dutse ne. Amma zanen da kake ta kururutawa ban gan shi ba."

"A zuba masa ruwa, Baba."

"A'a. Kai ka gano shi, kai za ka zo ka nuna min."

Na yi dariya a wayar. Da na ajiye, a gefen shagon buga wayar na tsuguna na yi kuka.

Hutun bai samu ba sai bayan rasuwarsa. Ko jana'iza ban samu ba, kuma har yau abin yana ci na. Da na isa gida, bayan an gama gaisuwa mutane sun watse, Inna ta shiga ɗakinsa ta fito da dutsen ta ɗora min a hannu. Da farko ban gane shi ba. Ya yi duhu, ya yi sumul yana sheƙi, ga saƙar zumar nan ta fito raɗau, alhali a bushe yake. Tafin hannun Baba ne ya goge shi, salla bayan salla.

Na ce, "Inna, kun jiƙa shi ne?"

Ta ce, "Ko ɗigo bai bari an zuba ba. Da zanen ya fara fitowa da kansa, sai ya riƙa kai shi kusa da ido yana murmushi. Ya ce in ka zo in gaya maka kada ka damu, ya gani."