Wata Biyu a Gaban Murhu

Matata ta haihu a tsakiyar damina, wata guda kafin lokacin da muka yi tsammani. A lokacin ba a ma fara kiran ƙasar nan Gana ba. Ni tela ne, ina da 'yar rumfa a kan hanyar da ke gangarawa babbar kasuwar Kumasi, muna zaune a ɗaki ɗaya cikin wani gidan haya a Zongo. Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, kuma mun riga mun shirya zan kai ta Yendi wajen iyayenta, sai yarinyar ta riga mu. Muka aika wa surukata. Amsa ba ta iso ba sai bayan suna: mahaifin matata yana kwance, ba mai jinyarsa sai ita. Ni kuwa uwata ta rasu tun ina ƙarami, kawun da ya rene ni ya koma Sakkwato da iyalinsa shekara biyu kafin aurena.

Makon farko matan unguwa sun yi mana halacci. Wannan ta aiko tuwo, waccan ta zo ta yi wanki, ungozoma tana zuwa da sassafe ta yi wa mai jego wankan ruwan zafi. Amma kowa da gidansa. Bayan suna ƙafa ta ɗauke, sai ungozoma kaɗai. Na koma sayen abinci a bakin titi, koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana. Matata takan ci loma biyu ta ture kwanon. Idan ta tashi za ta zaga, sai ta dafa bango. Jaririyar kuma tana tsotso tana saki tana kuka, don nonon ba ya isar ta.

Gidan namu kusan duk gwauraye ne, leburori 'yan arewa da masu gyaran mota a unguwar Magazin, da gari ya waye sun watse. Mace ɗaya ce banda matata, ita ce mai gidan, wadda kowa ke kira Mame. 'Yar Asante ce, ta auri wani Bahaushe mai fataucin goro, ta musulunta, ya rasu ya bar mata gidan. Sanyin ƙashi ya ƙandarar mata da yatsu har ba ta iya riƙe ludayi sosai, ita ma abincinta na saye ne. Hausarta kuwa ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne a bakinta.

Wata safiya ina shirin fita ta kira ni daga kan kujerarta.

"Tela, kawo matarka nan, in ga shi."

Na riƙo ta muka fito. Mame ta sa bayan yatsa ta ja fatar idonta ƙasa, ta duba tafin hannunta, ta ce ta fito da harshe. Sai ta girgiza kai.

"Jini ba shi. Duba, fari kamar alli. Yau ba ɗinki. Ka kai shi asibiti."

Muka je. Ma'aikaciyar da ta duba ta, abin da Mame ta yi shi ta yi, ta ja fatar idon nan. Ta ba mu ƙwayoyi, ta ce a sha kullum, amma ƙwaya kaɗai ba za ta yi ba, sai ta ci abinci mai kyau, ganye da hanta da kifi, dafaffe a gida. Na dawo da ita, na zauna a bakin ƙofa na rasa ta inda zan fara.

Mame ta ce, "Me ya ce, likita?"

Na gaya mata.

"To, ai ni ma na sani. Ni ina da shi a kai, hannu ne ba ni da. Kai kana da hannu."

"Ni, Mame? Ban taɓa hura wuta don girki ba."

"Da aka haife ka, da keken ɗinki ka zo? Koya ka yi."

Daga cikin ɗaki na ji muryar matata, a hankali. "Malam, don Allah kar ka yi. Me mutane za su ce? A ce ina kwance miji na dafa mini?"

Mame ta amsa kafin in buɗe baki. "Amarya, mutane ba shi ba yaro nono. Yi shiru."

Ta lissafa mini abin da zan sayo, ta sa na maimaita har sau uku. Ganyen gwaza, wanda suke kira kontomire. Manja, albasa, busasshen kifi. Sai abeduru, wasu 'yan ƙananan gauta kore masu ɗaci, girman ƙwayar carbi, waɗanda ta ce duk matar Asante da ta haihu da su ake mayar mata da jini. Ta ƙara da dodon koɗi. Matata ta ce ko mutuwa za ta yi ba za ta ci wannan ba. Suka ɗan ja, daga baya aka shirya a kan hanta.

Na shekara nawa ina wucewa ta kasuwar nan, ban taɓa shiga layin masu ganye ba. Na tsaya gaban wata mata da kwando a hannu na ce "abeduru" da bakina na Bahaushe. Ta kalle ni daga hula har takalmi, ta kira maƙwabciyarta da Twi, yaren Asante, suka yi ta dariya. Da 'yar Twi ɗin da nake ji na ce matata ce ta haihu, ba ta da jini. Dariyar ta tsaya. Ta zaɓo mini masu kyau da hannunta, ta zubar da waɗanda suka fara rawaya, ta ɗora mini wani busasshen ɗan itace mai ƙamshi, prekese, ta ce in gasa shi kaɗan in jefa a miya. Tun daga ranar wajenta nake saye, tana hango ni sai ta ce, "Mijin mai jego ya zo."

Mame ta sa aka fito mata da kaskon niƙanta na yumɓu, mai zane-zane a ciki, da 'yar muciyar katako da ake murzawa da ita. Ta ce shekara shida rabon da a taɓa shi. Na wanke, na hura gawayi da ƙyar, hayaƙi ya cika mini ido. Ta zauna a gefena tana ba da umarni. Tafasa abeduru. Niƙa. Ba haka ba, murza. Tace. Na yanka ganyen, na zuba, na ga ya yi laushi ya yi kyau a ido. Daidai lokacin Mame ta shiga alwala, ni kuma ina ɗoki, na sauke na kai wa matata.

Ta ci. Ta ci fiye da yadda ta saba, tana ci tana sunkuyar da kai. Na ji daɗi ƙwarai. Can sai na ga tana gyaran murya, tana shafa wuya, idonta ya kawo ruwa.

"Lafiya?"

"Ba komai, Malam. Ta yi daɗi."

Na ɗebi cokali ɗaya na kai baki. Kafin in haɗiye na ji kamar an zuba mini ƙaiƙayi a maƙogwaro. Ashe ganyen gwaza idan bai dahu sosai ba haka yake yi. Ta ci kusan rabin kwano a haka don kada in ji kunya.

Mame ta fito ta same mu muna tari mu biyu. Ta yi dariya har ta dafa ƙofa, sannan ta sa na ba matata manja cokali ɗaya ta lasa, ta ce in mayar da tukunyar kan wuta. "Kontomire ba shi son gaggawa," in ji ta. "Kai ma sha manja."

Washegari ta fi kyau. Bayan kwana huɗu ina yi ba sai an tsaya a kaina ba. Da asuba in dawo daga masallaci in hura wuta, in ɗora wa ungozoma ruwan wanka, in je wajen mahauta in karɓo hanta tun da ɗuminta. In gasa ta a kan gawayi, in barbaɗa yaji. Sai hantsi nake buɗe rumfa, azahar in rufe in dawo.

Abokan sana'a ba su ƙyale ni ba. Wanda rumfarsa ke jikin tawa, da ya ji warin hayaƙi a rigata, sai ya ce, "Uwargida, yau me aka dafa mana?" Sauran su kwashe da dariya. Ba zan ce abin bai dame ni ba. Akwai ranar da na dawo rai a ɓace, na ajiye kwandon da ƙarfi har albasa ta gangara tsakar gida. Matata ta gani daga inda take zaune, ba ta tambaye ni ba, ta dai san abin da ya faru. Ta ce, "Bari in gwada tashi gobe." Ta ɗaga hannu za ta gyara ɗankwali, na ga yadda awarwaronta ya zame har gwiwar hannu. Na tsince albasata na ce ta zauna.

A mako na biyu ta fara sa baki a girkin, wannan ne ya fara nuna mini tana dawowa. Ta ce miyar Mame ta jini ce, amma nono sai kunun gyaɗa, haka innarta ke yi wa duk mai jego a gidansu. Aka shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa, jaririya a cinya. Ta koya mini soya gyaɗa sama-sama, in murje ɓawon, in daka, in tace, in jiƙa tsamiya, in dama da ƙullun gero da citta da kanumfari. Yanzu malamaina sun zama biyu, kuma ba kullum suke shiri ba. Mame ta ce a sa prekese a kunun, matata ta ce ba a taɓa yi ba. Matata ta ce a sa daddawa a miyar abeduru, Mame ta toshe hanci. Na saka daddawar a ɓoye. Mame ta sha, ta ce yau miyar ta fi ta kullum, ba wanda ya gaya mata dalili.

Don tun kwana na uku nake zuba wa Mame nata kwanon. Da farko ta ƙi, ta ce na mai jego ne. Na ce ai malami ba ya koyarwa da yunwa. Takan riƙe kwanon da tafukan hannu biyu ta kurɓa, ta rufe ido. Wata rana ta ce mini rabonta da miyar gida tun hannunta ya mutu. Matata ta ji. Daga ranar, idan ta gama shafa wa jaririya man kaɗe da yamma, sai ta ce Mame ta matso. Ta ɗumama man da 'yar citta, ta riƙa murza mata yatsun ɗaya bayan ɗaya. Bai miƙar da su ba, amma Mame ta ce zafin yana sauka, tana samun barci. Suna yi suna hira, Hausa rabi Twi rabi, ni ina wanke tukunya.

Ban san ranar da nonon ya wadata ba. Na dai lura wata rana da azahar na shigo gida ban ji kuka ba. Na leƙa ɗaki da sauri. Yarinyar tana barci, baki a buɗe, madara ta gangaro mata har wuya. Uwarta ta ɗora yatsa a leɓe, ta yi mini murmushi. Na fito na tsaya a tsakar gida, na rasa abin yi, sai na je na gaya wa Mame. Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta ce kuma in duba wutata, tana mutuwa.

Da muka koma asibiti bayan arba'in, ma'aikaciyar ta ja fatar idon, ta ce jini ya fara dawowa, a ci gaba da ƙwaya da abincin. Ta tambayi wa ke dafa mata. Matata ta dubi ƙasa, ta ce, "Mutanen gida."

Na ci gaba har wata biyu suka cika. Ran nan na dawo da azahar, tun daga zaure na ji ƙarar niƙa. Na shigo na same ta zaune a kan 'yar kujera, goyo a baya, kaskon a tsakanin ƙafafunta, tana murza abeduru. Abin da ke ɗaukar ni lokaci mai tsawo, ita kafin in ajiye kwando ta gama.

"Wa ya ce ki tashi?"

"Ni na ce. Malam, ka koma rumfarka, mutane na jiran ɗinkinsu."

Na tsaya ina kallon hannunta. Na ce, "Ke, ni ba haka nake riƙe muciyar ba."

Ta yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. "Ai kai da gefe kake murzawa, kamar mai goge tukunya. Da gindinta ake dannawa, a juya wuyan hannu. Shi ya sa tafinka ya yi kanta."

Na juya wajen Mame. "Mame, kina gani wata biyu ba ki gaya mini ba?"

"Na gaya maka ranar farko, ba ka ji ba," in ji ta. "Na ga miya yana fita, na bar ka."

Matata ta ce in ba ta wuri, ina tare mata haske. Na ɗauko tabarma na zauna a inuwa kusa da Mame, matata ta kwance goyon ta miƙo mini yarinyar. Ranar tuwon masara ta yi mana da miyar ayoyo, wato lalo, ta kuma yi ta abedurun daban don kanta. Muka ci mu uku a tsakar gida, ban koma rumfa ba sai la'asar.