Kawu Bukar da Allurar Mafitsara

Duk wanda ya san Kawu Bukar, ƙanen mahaifiyata mai sayar da zare a Ƙofar Wambai, da buta ya san shi. Sai ya manta hula bai manta ta ba. Daga Koki har Goron Dutse babu masallacin da bai san makewayinsa ba: wanda ba shi da sakata, wanda ladani ke ɓoye makulli, da wanda ya ce ko maƙiyinka kada ka tura. Fitsari ne ya matsa masa, irin wanda ba ya sallama. Amma ka kuskura ka ce ciwo ne, sai ya ce lafiyarsa ƙalau, ruwa ne ba ya son zama wuri ɗaya.

Bayan soja sun koma bariki, ranar wani zaɓe, sau huɗu yana barin layi. Duk fita sai ya ajiye takalmi ƙafa ɗaya ya riƙe masa wuri, jama'a na tura shi gaba. A na huɗun ya dawo ya tarar takalmin ya kai bakin akwati. Ya dubi jami'in ya ce, "Bar shi ya jefa, ya fi ni haƙuri."

Mu dai dariya muke, har na lura ya bar sahun farko ran Juma'a, shi da ya shekara talatin a bayan liman. Ya koma can baya inda ake tuɓe takalma. Da na tambaye shi, sai ya ce tsallake wuyan mutane ana huɗuba ba mutunci ba ne. Wannan maganar ce ta sa 'yarsa Falmata, wadda take nas, ta tasa shi gaba sai asibiti.

Likita ya ce ya rage shayi da goro. Kawu ya ce goro ya riga likitan zuwa duniya. Aka ba shi ƙwayoyi, suka busar masa da baki, ya ce an shanya sama an bar ƙasa tana ambaliya. Daga ƙarshe aka kawo zancen allurar botos: za a shiga da siririn bututu a yi ta a jikin mafitsara, tsokar ta daina zabura. Da ya ji daga guba ake haɗa ta, sai ya fara neman hularsa. Falmata, don ta kwantar masa da hankali, ta ce ai ita matan masu kuɗi ke yi a fuska don kada fata ta yamushe.

"To su ana gani," in ji Kawu. "Ni wa zai leƙa ya yaba?"

Aka dai yi. Kwana biyu fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya, sai da aka sa masa robar fitsari. Ya kira likita ya ce shi cewa ya yi a yi wa mafitsarar nasiha, bai ce a tsare ta ba. Da abin ya daidaita kuwa, ya koma bayan liman yana ta ƙasaita. Wata bakwai aka ce sai an sake allurar, ya ce ashe ita ma tazarce take nema. Sau uku ya sa mata hannu.

Azumin shekarar da aka fara allurar ya zauna tafsiri daga farko har addu'a, karo na farko cikin shekara goma. Ya fito yana tsaki. Wai ashe malamin nan tsawaitawa yake, da can Allah ne ke cetonsa bai sani ba.

Bara ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Ana gobe zai rasu, ya riƙe hannuna ya ce in gaya wa Falmata ya gode, shi bakinsa bai saba ba. Sai bayan sadakar uku na iya faɗa mata.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya sa ya huta.