Tafintan da Ya Tsaya wa 'Yar Tajaye

Kullum da hantsi za ka ga Malam Chindo ya jingine tsohon baburinsa a gindin dogonyaron da ke ƙofar gidan shari'a na Ƙonni, ya kaɗe hularsa, ya bi masu jiran shari'a ɗaya-ɗaya yana gaishe su. Tafinta ne. Alƙali ya yi Faransanci ya mayar Hausa, talaka ya yi Hausa ya mayar Faransanci, bai ƙara gishiri ba, bai rage ba. A kan wannan aiki furfura ta cim masa, kuma ƙarshen shekarar nan zai ajiye shi.

Sai dai akwai wani aikin da ba wanda ya ɗora masa. Duk shekara in sakamakon bak ya fito, wato jarrabawar gama lise, babbar sakandare, yaran Ƙonni da Malbaza da Illela masu sha'awar karatun shari'a a jami'a wurinsa suke zuwa. Ba ya cewa karanta, ba ya cewa bari. Yakan zaunar da yaro a bencin baya ranar shari'ar gonaki, in an tashi ya tambaye shi, “Wa kaj ji tausai?” Wanda ya kama yabon baƙar rigar lauya, sai Malam ya ce masa ai tela ma yana iya ɗinka masa irinta, ba sai ya sha wahalar jami'a ba. Da yawa sun sauya fanni daga wannan benci, kuma yau suna gode masa.

Bana ne abin ya zo masa da wuya. Bushira, 'yar wani manomi a Tajaye, ta ci bak da kyau, ta zauna a bencin, ta fito idonta jajir. Malam Chindo ya san ya samu irin wadda yake nema. Amma mahaifinta, Malam Idrissa, ya ce atafau. Ta yi malanta, ta yi aikin asibiti, komai ma, banda shari'a. Ga wa'adin zaɓen fanni ya matso, ita kuwa Bushira ba mai tsallake maganar uba ba ce.

Hankalin Malam Chindo ya tashi ƙwarai. Matarsa Tsahara ta ce har tuwo ya daina yi masa daɗi, ta yi ta yi masa tsiya wai ko shi ya haife ta. Ran Lahadi ya hau babur sai Tajaye. Ya tarar da Malam Idrissa yana gyaran rumbu, don kaka ta gabato.

Bayan gaisuwa mai gidan ya ce, “Malam, na san abin da ya kawo ka. Malammai sun ce alƙalai kashi ukku na, biyu wuta za su. Ni in kai ɗiyata da hannuna?”

Malam Chindo ya ce, “Ban zo gardama ba. Alfarma guda nika roƙo. Ka taho ka zamna inda ɗiyarka ta zamna.”

Malam Idrissa ya zo kotun, don kunyar furfura. A ranar wani dattijo ne daga Tsarnawa ke neman gonarsa. Ya ara wa amininsa ita tun da daɗewa, aminin ya rasu, ɗan ya ce gadonsa ce, har ya ɗauko lauya daga Yamai. Dattijon shi kaɗai ya zo, sai sandarsa. Alƙali ya tambaye shi ko yana da shaida, ya sake tambaya, ya ba shi lokaci. Dattijo ya dubi ɗan aminin nasa, yaron da aka yi sunansa a gabansa, kunyar mamaci ta rufe masa baki. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Na bar ma Allah.” Malam Chindo ya juya maganar zuwa Faransanci yadda take. Aka ɗage shari'ar.

Ko dogonyaro ba su kai ba Malam Idrissa ya tare shi. “Haba Malam! Gonar aro ai da dame aka sanin ta. In suna kai mishi damen hatsi duk kaka, garin duka sun gani. Don mi ba ka ce mishi shi hwaɗi ba?”

“Ba ni da izni. Ni baki na kawai. Wanda ad da iznin zama kusa da shi shi ce mishi hwaɗi, sai wanda ya yi karatun da ɗiyarka taka so.”

Malam Idrissa ya ce, “To wutar hwa?”

“Ni ma ina tsoronta. Amma in kowane mai tsoron Allah ya hana ɗanai, na ukkun nan gidan wa za shi hitowa?”

Malam Idrissa ya juya ya nemi motar Tajaye. Kwanakin da suka biyo baya Malam Chindo bai san daɗinsu ba. Da waya ta yi ƙara sai ya yi wuf ya duba. Yana ta tuhumar kansa ko ya yi wa uban yarinya kaifin baki, ko ya ɓata abin da ya zo gyarawa. Ana gobe za a rufe rajista sai ga Malam Idrissa a ƙofar gidansa, Bushira na biye da shi.

Ya ƙi zama. Ya ce, “Ta tahi. Amma kai ka buɗa wagga ƙohwa. Randa duk ta ci haƙƙin wani, ni da kai za mu tsaya gaban Allah.”

Tsahara, da ke jin su daga tsakar gida, ta ce ta so mijinta ya yi shiru. Wa ke ɗaukar alhakin zuciyar da ba tasa ba? Malam Chindo ya dubi yarinyar, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, “Na ɗauka.”

Malam Chindo, kai ne bakin marasa baki. Kai ne ka yi shekara da shekaru kana faɗin maganar wasu, taka ta cikinka kuwa ka haɗiye don amanar aiki. Ba ka da digiri a shari'a, amma lauyoyi da alƙalai nawa ne suka fara daga hannunka? Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya.

Sai dai hutun ne ba mu gani ba tukuna. Bushira na can jami'a a shekarar farko, shekarar da take kayar da ɗalibai da yawa, kuma Malam ya ce ba faɗuwar jarrabawa yake ji mata ba. Tsoronsa ranar da za ta yi ƙarfi, manya su fara sallama a gidanta da abin hannunsu. Ya san wataƙila ba ya duniya a lokacin.

Mu da muka rage, malaman lise da ma'aikata da iyaye, kowa ya ja yaro ɗaya a jiki, ya nuna masa aikin kafin ya zaɓa, ya kuma yarda a tambaye shi a kansa gobe. Ke kuma Bushira, duk sanda aka miƙo miki abin da ba naki ba, ki tuna akwai wani tsoho a Ƙonni da ya jinginar da lahirarsa a kanki.